Dokar Hana Ihu a Sito

A babban siton Hajiya, inda ake ajiye buhunan sukari da kwalayen garin sabulu kafin a rarraba wa 'yan kasuwa, akwai wani ma'aikaci da kowa ke kira Mai Kwas. Sunan ya biyo bayan wani ɗan gajeren kwas na shugabanci da aka tura shi, don wanda ya kamata ya je ya kwana da ciwon haƙori. Ya tafi da 'yar jakarsa, ya dawo da takardar shaida mai ruwan zinariya a gefe, da bakin da ba ya rufuwa. Ko sannu ka yi masa, sai ka ji yadda ake yin sannu a kwas.

Da tsohon manaja ya yi ritaya, Hajiya ta kira Mai Kwas ta ce ya riƙe kujerar na wucin gadi. Mace ce mai magana a hankali, ba a taɓa jin muryarta ta wuce ɗakin da take ciki ba. Ta faɗa masa abin da ke damunta.

"Shugabannin sassan nan uku sun ishe ni," in ji ta. "Tun daga bakin titi nake jin hayaniyarsu. Rannan na zo da baƙo, ya tambaye ni ko a kira 'yan sanda. Ka haɗa mini kansu. Ƙarshen wata zan zo in gani. In sun daidaita, kujerar ta zama taka. In ba su daidaita ba, ka koma teburinka na da."

Teburinsa na da yana can wani lungu tsakanin banɗaki da janareta, inda ba mai zuwa wurinka sai wanda ya matsu. Mai Kwas ya tuna da shi, ya dafe ƙirji.

"Hajiya, ƙarshen wata ai ya yi nisa. Irin wannan matsalar a kwas kafin shayi ya huce muke gamawa da ita."

Shugabannin uku su ne Gwaggo, mai kula da karɓar kaya, wadda in ta kira lebura a wannan kusurwa na siton sai na siton maƙwabta ya amsa. Da Dogo, shugaban lodi. Da Baba, babban direban injin ɗaga kaya, wanda ƙarar injin ta daɗe da cinye masa rabin kunne. Gaskiya ne suna faɗa. Gwaggo ta ce Dogo yana toshe mata hanya da kayansa, Dogo ya ce Gwaggo tana riƙe injin kamar gadonta ne, Baba kuma ya zage su duka biyun ko bai ji abin da suka ce ba.

Amma ba duk ihun ne faɗa ba. Direban tirela ba ya ganin bayansa, sai Dogo ya tsaya yana kurma masa "Zo! Zo! Tsaya!" Baba kuwa in ya zauna a kan injin, rufin da ke kansa yana tare masa ganin sama. Idonsa a kan sarƙar injin yake, yana ta ɗaga kaya har sai na ƙasa ya daka masa tsawa ya ce "Ya isa!" sannan ya saki hannu. Haka aka saba tun kafin Mai Kwas ya san hanyar siton. Shi dai ta gilashin ofis yake kallo, abin da yake gani kawai bakuna a buɗe da jijiyoyin wuya a tashe.

Washegari ya tara su ukun a ofis. Ya sa aka fitar da tebur, aka jera kujeru a da'ira, domin a cewarsa tebur katanga ce tsakanin zukata.

"Daga yau," in ji shi, "doka biyu ce. Ta farko, ba ɗaga murya a siton nan. Ta biyu, duk wanda zai yi wa ɗan'uwansa gyara, ya fara da yabo, ya saka gyaran a tsakiya, ya rufe da wani yabon. Yabo, gyara, yabo. Da wannan dabarar aka gyara manyan kamfanonin duniya. Malaminmu da kansa ya ce bai taɓa ganin wanda ya kama ta da sauri kamar ni ba."

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. "Yallaɓai, in mutum ba shi da abin yabo fa?" Tana magana tana kallon Dogo.

"Kowa yana da shi, Gwaggo. Ki nemo. Gwada mu gani."

Ta dubi Dogo daga sama har ƙasa, ta sake dawowa sama. "Yana da tsawo."

"Na gode, Gwaggo," in ji Dogo. "Ke ma kina da faɗi."

"Madalla!" Mai Kwas ya tafa hannu a hankali. "Kun ga an fara."

Baba yana zaune yana kallon bakunansu suna motsi ƙasa-ƙasa, kowa fuska a ɗaure. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Wa ya rasu?"

Dogo ya cika ƙirji zai yi masa bayani yadda ya saba, Mai Kwas ya ɗaga yatsa. Dogo ya haɗiye iskar. Haka aka tashi taron, Baba yana addu'ar Allah ya ji ƙan mamacin.

Gwajin farko ya zo da rana, lokacin da wata tirela ta zo ɗaukar sukari. Mai Kwas ya fito ya harɗe hannu don ya ga aikin dokarsa. Dogo ya tsaya a inda ya saba tsayawa, tirela tana tahowa da baya, ya yi gyaran murya, ya fara da muryar mai lallashin jariri.

"Direba, gaskiya ka iya juya sitiyari. Na daɗe ban ga hannu irin naka ba. Sai dai ina ganin da za ka ɗan..."

Ƙauuu! Bayan tirelar ya daki babbar ƙofar ƙarfe, ta lotsa ciki kamar gwangwani.

"...taka birki," Dogo ya ƙarasa. "Kuma motarka fes take, a wanke."

Direban ya diro yana zufa. "Kai Dogo! Bakinka ciwo yake? Me ya hana ka ce in tsaya?"

"Ina hanya, ɗan'uwa. Ka riga ni isa ne."

Leburori suka taru suna kallon ƙofar, wadda tun daga ranar ba ta ƙara rufuwa gaba ɗaya ba. Mai Kwas ya ratso su, ya dafa kafaɗar Dogo, sai da ya yi ɗage kafin hannunsa ya kai.

"Kun ga yadda ya riƙe kansa? Ƙofa ƙarfe ce, mai walda zai gyara. Amma zuciyar ma'aikaci in ta lotsa, wane mai walda ne zai buga ta?"

"Wane ne wannan?" direban ya tambayi wani lebura.

"Manaja ne. Ya je kwas."

"Allah ya ba shi lafiya."

Gwaggo ba ta kai la'asar ba ta karya doka. Mai Kwas ya riga ya shirya. Ya yanko kwali ya naɗa doguwar hula mai tsini, ya rubuta mata NA YI IHU da jan alƙalami, ya ce duk wanda ya ɗaga murya zai yini da ita a ka, kunya ta koya masa hankali. Gwaggo ta karɓa, ta ɗora a kan ɗankwalinta, ta duba fuskarta a gilashin ofis.

"Yallaɓai, yanzu in na sake ihu, wata hular za a ƙara mini?"

"A'a, guda ce."

"To, alhamdu lillahi." Ta juya, ta saki muryar da ta yini tana tarawa. Tantabarun da ke rufin siton suka tashi gaba ɗaya.

Washegari da safe, tun kafin Gwaggo ta ajiye jakarta ta leƙa ofis ta ce a ba ta hularta, tana da kaya da yawa yau. Dogo ya ce bai yarda ba, shi ma tirela uku ke jiransa, ai hular ta kamfani ce ba ta gidan su Gwaggo ba. Ta kama tsini, ya kama baki. Faɗan da suka yi a kan hular nan, tsofaffin ma'aikata sun ce ba a taɓa yin irinsa a siton ba. Kafin azahar leburori sun gano cewa kwali ba ya wuya a sito. Mai Kwas ya fito daga ofis ya tarar da kowa da doguwar hula a ka, ana ta ihu cikin annashuwa.

Da wani ne, da ya karaya. Mai Kwas ya koma ciki, ya yi zagaye biyu a inda tebur yake da, ya fito da sabon hukunci. An soke hula. Daga yanzu duk wanda ya ɗaga murya zai shigo ofis ya zauna, Mai Kwas ya maimaita masa kwas ɗin tun daga farko, kyauta.

Dogo ne ya fara faɗawa. Ya shiga yana dariya. Da ya fito, rana ta yi sanyi, idanunsa sun yi ja, yana tafiya yana dafa bango. Ya nufi Gwaggo, wadda ya yi shekaru bai yi wa magana mai daɗi ba, ya sunkuya dab da kunnenta.

"Gwaggo, don girman Allah kada ki yi ihu."

"Duka yake yi?"

"Da duka ne ai da sauƙi. Akwai hotuna. Har ɗakin da ya kwana ya nuna mini. Har tawul."

Gwaggo ba ta yarda da labari sai ta gani. Ta yi ihu da gangan, ta shiga. Da ta fito, ta nemi ruwa ta sha, ta zauna a kan buhu tana kallon ƙasa. Daga wannan rana siton ya yi tsit.

Mai Kwas ya riƙa zagayawa hannu a baya, yana shaƙar shirun kamar turare. Inda duk ya ratsa, yabo yake ji yana tashi.

"Dogo, kai mutum ne mai tsari," Gwaggo za ta ce, haƙora a cije. "Ka jibge mini kayanka a hanya kamar wanda aka kora daga gidan haya. Allah ya ƙara basira."

"Gwaggo, ke uwa ce. Kin riƙe injin tun safe ko kunya ba kya ji. Ɗankwalinki ya dace da ke."

Mai Kwas ya kan tsaya ya lumshe ido. Farkon maganar da ƙarshenta kawai ke shiga kunnensa, na tsakiyar yana wucewa ta sama. Baba kuwa tunda aka daina yi masa tsawa, ya matse kwalaye da yawa a jikin kantar jera kaya ta sama, yana mamakin yadda mutanen siton suka zama marasa kula. Leburori suka koma jifan rufin injin da murfin kwalba in suna so ya tsaya, in Mai Kwas ba ya kusa.

Har maƙwabta sun lura. Mai shayin bakin ƙofa ya tare Mai Kwas da safe. "Yallaɓai, lafiya kuwa a ciki? Da hayaniyarku nake sanin lokacin ɗora ruwa. Jiya barci ya kwashe ni har madara ta ƙone."

"Ci gaba ke nan," in ji Mai Kwas. "Nan gaba kaɗan daga wasu ƙasashe za a riƙa zuwa kallo. Ka ƙaro kofuna."

Bai tsaya a sito ba, ya kai dokar gida. Matarsa, malamar makaranta ce mai haƙuri, ta saurare shi har ya gama, ta ce to. Ranar da Hajiya za ta zo, ya ce shi zai goge farar rigarsa da kansa, domin shugaba nagari ba ya jiran a yi masa. Yana cikin guga wani abokinsa ya kira shi. Ya ajiye dutsen guga a bayan rigar, ya juya wajen taga, ya shiga ba shi labarin yadda ya mayar da zakuna uku tumaki.

Matar ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta harɗe hannu.

"Maigida."

Ya ɗaga mata hannu, alamar ta jira.

"Maigida, gaskiya muryarka tana da daɗi a waya."

Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai.

"Kuma tsayuwar nan taka, kamar a jarida. Sai dai dutsen guga yana cin rigarka. Amma hayaƙin ma ya yi kyau da hasken taga."

Ya waiwaya, ya yi tsalle ya fizge dutsen. Bayan rigar ya fito da tambari baƙi ƙirin, mai tsini a gaba.

"Haba! Me ya hana ki yi magana tun ɗazu!"

"Maigida, ka ɗaga murya," in ji ta a hankali. "Ni zan maimaita maka kwas ɗin, ko kai za ka maimaita wa kanka?"

Ba lokacin neman wata riga. Ya ɗora kwat mai kauri a kai ya rufe tambarin, ya fita yana zufa tun daga zaure.

Hajiya ta iso da hantsi, tare da wani babban mai sayen kaya da take so ta burge. Ta fito daga mota ta tsaya a bakin titi, ta karkata kai tana saurare. Ba ta ji komai ba sai kukan tantabaru. Ta dubi lotsattsiyar ƙofar, Mai Kwas ya yi maza ya ce aikin faɗaɗawa ake yi. Suka shiga. Ma'aikata suna jere a layi, hannu a baya, yadda ya tsara su. Gwaggo da Dogo suna tsaye kafaɗa da haƙarƙari, ba wanda ya harari wani.

"Gwaggo," in ji Hajiya, "yaya ku da Dogo?"

"Dogo mutum ne mai tsari, Hajiya."

Hajiya ta juya ta dubi Mai Kwas, a fuskarta akwai abin da bai taɓa gani ba. "Ashe da gaske kake," ta ce.

Kujerar ta zama tasa a wannan lokacin. Abin da ya rage kawai ya raka su ofis, a kawo lemo, a yi sallama. Amma Mai Kwas ya kwana biyu yana haddace jawabi a gaban madubi, kuma jawabi irin wannan ba a yin sa daga ƙasa.

"Hajiya, kafin mu shiga, 'yan kalmomi kaɗan. Baba! Wato, Baba." Ya rage murya da sauri, ya nuna injin da hannu, ya nuna wani katakon ɗora kaya, ya nuna kansa, ya nuna sama.

Baba ya gane. Ya hau injin, ya zura haƙoran ƙarfen a ƙarƙashin katakon.

Gwaggo ta matso. "Yallaɓai, dabarunka kullum sababbi ne. Ba a ɗaga mutum a kan katako, haɗari ne. Takalminka yana sheƙi."

"Kin ji ko, Hajiya? Gwaggo ce fa wannan!" Ya gyara sabuwar farar hular kwanonsa, ya taka katakon, ya juya ya fuskanci jama'a. Injin ya yi gurnani, katakon ya fara tashi.

"Hajiya, babban baƙonmu, 'yan'uwana ma'aikata! Lokacin da na karɓi siton nan, na tarar da shi kamar kasuwar da aka yi gobara..."

Ya kai daidai kafaɗar mutane. Nan yake so. Ya ɗan sunkuyar da kai gefe, ya ce da tattausar murya, "Baba, na yaba da yadda kake ɗagawa sannu-sannu. Ya isa haka. Allah ya yi albarka."

Baba yana zaune ƙyam saboda baƙo, idonsa a kan sarƙa, kunnensa mai sauran aiki yana jiran tsawa. Katakon ya ci gaba da tashi.

"...amma da ilimi, da hangen nesa," Mai Kwas ya ci gaba, yana hango saman kawunan mutane, sannan saman kanta ta farko, "na nuna musu cewa mutum yana iya ɗaukaka ba tare da hayaniya ba."

"Lallai yana ɗaukaka," wani lebura ya raɗa.

Ya wuce kanta ta biyu. Hajiya ta ɗaga kai tana murmushi, a zatonta cikin shirin ne. Baƙon ya fito da waya yana ɗauka. Mai Kwas ya saci kallon sama. Jan bututun ruwan kashe gobara yana nan a miƙe, da 'yan kawunansa masu gilashi da ke fesa ruwa in sun fashe, yana matsowa. Tsawa ɗaya ta isa ta tsayar da Baba, kuma tana nan a maƙogwaronsa. Amma ga Hajiya tana kallo, ga baƙo, ga ma'aikatan da ya hana. Ya hango lungun nan na kusa da banɗaki, ya haɗiye tsawar.

Ya dubi Dogo da ido mai roƙo. Dogo ya buɗe baki, ya tuna da tawul, ya rufe. Mai Kwas ya dubi Gwaggo. Gwaggo ta fita daga layi ta nufi injin, tana tafiya a natse kamar mai rakiyar baƙi. Ko tsoron kwas ne, ko wani abu dabam, Allah kaɗai ya sani. Ta tsaya gefen Baba ta haɗa hannuwa.

"Baba, shekarunka a kan injin nan ba na banza ba ne."

Mai Kwas ya fara durƙusawa. "Domin shugabanci," ya ce, "shi ne ƙanƙan da kai."

"Ka iya zama a kan kujera, Baba, bayanka a miƙe."

"Shugaba yana sunkuyawa," Mai Kwas ya tsuguna har gwiwarsa ta taɓa haɓa, "yana ƙara sunkuyawa..."

"Sai dai ina ganin, in ba za ka damu ba..."

Ƙwas! Hular kwano ta daki kan bututun, gilashin ya fashe. Ruwa ya ɓarke kamar an buɗe sama, ƙararrawar gobara ta kama kururuwa.

"YA ISA!" Gwaggo ta saki muryar gaba ɗaya.

Baba ya saki hannu nan take, fuskarsa ta washe. "Yauwa! Yau na ji an yi magana a siton nan." Sai ruwa ya zubo masa ta gefen rufi. Ya leƙa, ya ga inda ruwan ke nufa, ya diro daga injin da saurin da ba a san yana da shi ba.

Ruwan ya fara da kwalayen garin sabulu na kanta ta sama. Suka jiƙe, gindinsu ya ɓule, garin ya riƙa kwarara ƙasa. Leburori suka ruga suna tattakawa, kumfa ta tashi. Kan a ce haka ta kai idon sawu, ta kai ƙwauri, tana tafiya sannu a hankali wajen buhunan sukari.

"Dogo! Makunnin ruwa, bayan janareta! Ka yi amfani da ƙafafun nan sau ɗaya a rayuwarka!"

"Na tafi! Ke kuma ki janye buhunan gaba, uwar surutu!"

"Tamfol!" Baba yana ihu. "Ku kawo tamfol, 'ya'yan banza! Kama can! Ja!"

Ba wanda ya tambayi wani abin da zai yi. Gwaggo ta jera leburori suna miƙa buhu hannu da hannu, Baba da mutanensa suka lulluɓe sukarin da tamfol, Dogo ya ratsa kumfa kamar zalɓe a fadama. Zagi yana tashi ta ko'ina, aiki kuma yana tafiya kamar ruwa. Baƙon ya zame ya zauna daɓas a cikin kumfa, yana dariya har da hawaye, wayarsa a sama don kada ta jiƙe.

Kumfar ta bi ta ƙarƙashin lotsattsiyar ƙofa ta fita titi. Ma'aikatan siton maƙwabta suka taru suna leƙe, da direbobi, da masu wucewa. Mai shayi yana gaba da ludayinsa a hannu.

"Wanki suke yi?" wani ya tambaya.

"A'a, ci gaba ne," in ji mai shayi. "Ga manajan can a sama yana dubawa."

Mai Kwas yana can tsugune, ya rungume bututu, ruwa yana dukansa a ƙeya, kwat ɗinsa ya yi nauyi kamar bargo. Tun tuni ya manta da doka. "A sauke ni! Baba! Jama'a, a sauke ni!" Amma kowa ihu yake yi, nasa ya ɓace a ciki.

Ya leƙo ƙasa ya hango Hajiya. Ta fake a gefen wata kanta, kumfa har gwiwa, mayafinta ya manne mata a ka. Ba shi take kallo ba. Shugabannin nan uku take kallo, yadda suke zagin juna suna ceton kayanta. Wata dabara ta faɗo masa.

"Hajiya! Hajiya! Kin ga haɗin kai? Wannan shi ne mataki na ƙarshe na shirin! Da gangan na tsara shi!"

Hajiya ta ɗago kai ta dube shi. Bakinta ya motsa.

"Ban ji ba!"

Ta sake faɗa, da muryarta ta kullum. Ƙararrawa ta cinye.

"Hajiya, ban ji ba! Ki ɗaga murya!"

Hajiya ta yafito Gwaggo, ta yi mata magana a kunne. Gwaggo ta share kumfa daga fuskarta.

"In fara da yabo, Hajiya?"

"Ki faɗa masa kawai."

Gwaggo ta ja numfashi. A daidai nan Dogo ya kai ga makunni, ruwa ya tsaya, ƙararrawa ta yi shiru, siton ya yi tsit. Muryar Gwaggo ta fita ita kaɗai, ta daki rufi, ta bi ta ƙofa har tsallaken titi.

"HAJIYA TA CE KA KOMA TEBURINKA NA DA!"

Ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa. Can daga waje wani ya ce, "Mu ma mun ji."

Baba ya dawo yana matse hularsa, ya ɗaga kai ya ga mutum a sama, kamar yanzu ya tuna da shi. "In sauke shi?"

"Sauke shi, Baba!" Dogo ya amsa daga bayan janareta. "Injin muke so!"

Katakon ya sauko a hankali, ya nutse cikin kumfa. Mai Kwas ya miƙe da ƙyar. Ya gyara hular kwanonsa, ya ja kwat ɗinsa ƙasa, ruwa ya tsiyaya daga aljihunan. Ya taka ƙasa, kumfa ta haɗiye shi har cinya. Ya duba hagu da dama, ba wanda ke kusa sai baƙon, wanda har yanzu yake zaune yana share ido. Mai Kwas ya sunkuya wajensa, ya rage murya kamar mai ba da sirri.

"Ka ga kujerar manajan nan? Da ma ciwon baya take sa ni."